Ranar da Gulbi Ya Haɗiye Unguwar Nomau

Ni da kuke gani na taɓa zama a ƙarƙashin gulbi tun kafin a raɗa mini suna. Ba ni kaɗai ba, da ni da uwata da unguwarmu ɗungurungum, har awaki da turamen daka. Ban san an yi ba, don a lokacin aikina bai wuce tsotso da barci ba. Labarin daga bakin wadda ta jawo abin kuma ta gyara shi na ji shi, wato kakata Tasalla, Allah Ya jiƙanta. In na tsokane ta da zancen sai ta jefe ni da mafici ta ce, "Kai dai ka ci albarkacin bakin nan nawa." In ce mata, "Bakin da ya jefa ni ruwa?" Ta ce, "Shi ne ya fito da kai, marar godiya."

Birninmu, Dogon Gungu, a gefen Gulbin Farin Yashi yake, kuma kowa ya san aron wurin aka ba mu. Tun kafuwar garin akwai alkawari tsakanin mutane da 'yan ruwa, wato aljanun da ke mulkin gulbin. Duk shekara idan ruwan damina ya fara kawowa, Sarkin Ruwa zai shiga jirgi da hantsi ya bi gaɓa, yana kiran kowace unguwa da kowane sanannen wuri da sunansa da kirarinsa. Abin da aka kira na mutane ne, ruwa ba ya taɓa shi. Abin da aka tsallake ya koma hannun masu shi. Wannan shi muke ce wa kiran gari.

Kakana shi ne Sarkin Ruwa, sunansa Nomau. Ya ci sunan kakan kakanninsa ne, mutumin da ya fara kafa bukka a bakin gulbin, wanda har yau ake kiran unguwarmu da sunansa. A shekarar da aka haife ni Allah Ya yi masa rasuwa da bazara, bai bar ɗa namiji ba, kuma ba a naɗa wani ba har ruwa ya fara tasowa. Dattawa suka duba, babu wanda ya haddace kiran nan daga farko har ƙarshe sai matarsa, don ita ke zama bayansa a jirgi tana riƙe da ƙwaryar gumbar sadaka. Ta fita takaba ke nan suka zo suka roƙe ta. Ta yarda. Mahaifina kuwa, wanda yake yaron jirgin kakana kafin ya zama surukinsa, shi aka ba tuƙi. Uwata Hansai tana gidan iyayenta tana wankan jego, ni ina gefenta a nannaɗe.

Kaka ta miƙe tsaye a cikin jirgi, mutanen gari sun cika gaɓa, ta buɗe murya.

"Kwatar Gishiri, ɗanɗanon gari, ko baƙo ya lasa!"

Ruwa ya yi ɗan tsalle kamar kifi ya juya, alamar an amsa.

"Tudun Masaƙa, kun tufatar da gari kun kwana da tsumma!"

Ruwa ya amsa. Masaƙa suka yi dariya a bakin gaɓa, don sun saba da wannan zagin.

Haka ta bi su, Gadar Ƙarfe, Karofi, Unguwar Nufawa masu sassaƙar jirgi, Lambun Marka, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tsofaffi har suna cewa kamar marigayin ne ya dawo. Sai jirgi ya iso unguwar ƙarshe, kuma a nan gizo ke saƙar.

Tun tana amarya har ta yi furfura, Kaka ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba. "Sarki" take ce masa. Unguwar ma ba ta taɓa kiranta da komai ba sai "unguwarmu". Da ta ɗaga ido ta ga katangar gidanta, ga surukinta a bayanta, ga rabin gari na saurare, sai harshenta ya yi abin da ya saba.

"Da unguwarmu, uwar unguwanni!"

Ruwa ya yi shiru.

Mahaifina ya lura. Ya buɗe baki ya rufe. To da wane baki mutum zai ce wa surukarsa, "Inna, faɗi sunan mijinki"? Sai ya yi tari. Ta ɗauka ƙwarewa ya yi, har ta ce masa sannu. Ya sake tari, ta miƙa masa ruwa a luddai ba tare da ta waiwaya ba. Kunya ta hau kan kunya, jirgi ya wuce.

Ba a ga igiyar ruwa ba, ba a ji ƙara ba. Gulbi ya taso a hankali kamar kunu a tukunya, unguwar ta nutse kamar ƙwarya ta cika da ruwa, da gidajenta da masallacinta da duk wanda ke ciki. Kafin mutane su gama salati babu komai a wurin sai bado, da wani zakara da ya tsira a reshen gawo yana ta cara ba lokacinta ba.

Mahaifina ya faɗa ruwa. Duk nutson da ya yi sai gulbi ya tofo shi waje. Kaka kuwa ta zauna daɓas a cikin jirgi, ta gane abin da ta yi, ko kuka ta kasa.

Sai ga wani tsohon ayu ya ɗago kai a gefen jirgin, gashin bakinsa fari fat, ya yi magana da muryar mutane.

"Ya ke matar Sarkin Ruwa, ba a zalunci kowa ba. Abin da ba a kira ba namu ne. Amma mun san gumbarki, shekara da shekaru muna sha. Hau bayana in kai ki fada, bakin da ya yi ɓarna shi zai nemi gyara. Sai dai ki sani, muddin akwai wuta guda da ke ci a unguwar nan, mutanenta 'yan tudu ne. Idan ta ƙarshe ta mutu, sun zama namu har abada."

Kaka ta tuna da wutar ruwan jego, wadda ita da kanta ta tura wa gungumen ƙirya da safe. Ta ɗaura ɗamara da mayafinta, ta ce wa mahaifina, "Ɗan nan, riƙe jirgi." Ta yi bisimilla ta hau.

Suka nutsa. Ta ji tana numfashi kamar tana tsakar gidanta. Suka wuce garken kifaye, suka wuce gawar tsofaffin jirage, har suka iso wata ƙofa fara tas da aka gina da kantun gishiri, ruwa na dukanta amma ba ta narkewa. A bakinta wani dogon aljani na tsaye, gemunsa na gansakuka ya kai gwiwa, da mashi a hannu.

"Tsaya nan, 'yar Adam!" in ji shi. "Kina ƙarƙashin Kwatar Gishiri. Ba a shiga ƙofata sai an faɗi asalinta."

Kaka ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da na ji shi ne, nan Buzaye ke sauke gishirin Balma daga raƙuma, Nufawa su ɗora a jirage su yi kudu da shi."

"Rabi kika sani. Wata shekara jirgin da ya ɗauko gishirin gari duka ya kife a nan. Mata suka zauna a gaɓa suna kuka, har kukan ya hana mu sakat. Muka kwashe kayan muka mayar kan tudu a bushe, muka riƙe kantu guda muka gina wannan ƙofa. Tun daga ranar, kin taɓa jin jirgin gishiri ya nutse a kwatar nan?"

"Ashe ku ne!" in ji Kaka. "Mu kuwa muna ta yabon gwanintar matuƙanmu. Wallahi mun gode. Duk miyar da ta yi daɗi a garin nan da hannunku a ciki. Allah Ya saka da alheri."

Dogon aljanin nan ya rasa inda zai sa kansa, ya shiga sosa gemu da gindin mashi. Da alama tun da yake gadi ba wanda ya taɓa ce masa ko sannu. Ya ce ta lashi ƙofar, ta lasa. Ya ce, "Wanda ya ɗanɗani gishirin nan ƙarya ba ta fita bakinsa a ƙasarmu. Wuce."

Daga nan ruwa ya fara juyawa. Wata irin guguwa ce ta cikin ruwa, tana jan duwatsu da itatuwa, kadoji na kewaya bakinta suna jiran abin da za ta jefo. Ayu ya ce, "Riƙe ni da kyau, mun zo ƙarƙashin Gadar Ƙarfe." Kaka ta ƙanƙame wuyansa. Can ta hango ginshiƙan gadar, sai ta ga ashe ba a ƙasa suka tsaya ba. Kowane ginshiƙi a kan wani ƙaton aljani yake, sun jeru daga gaɓa zuwa gaɓa, jijiyoyin wuyansu sun tashi. Hanyar wucewa ɗaya ce, kuma babbansu ya take ta da ƙafa.

"Sannunku da aiki, bayin Allah," in ji Kaka.

Babban ya juyo da ido kawai, don kansa ba ya motsi. "Sannu ba ta sauke kaya, 'yar Adam. Lokacin da Turawa suka zo gina gadar nan, duk abin da aka kafa da rana laka ta shanye shi. 'Ya'yanku da aka tilasta wa aikin suna ta mutuwa. Sarkinmu ya ji tausayi ya ce mu tallafa kafin siminti ya kama. Ga mu nan har yau, siminti bai kama ba. Da jakuna ne ke hawa, yanzu kun samo wasu motoci masu ɗaukar dutse. Ba zan ɗaga ƙafa ba, in na ɗaga kaina ne zai tsage."

Kaka ta dubi kansa ta ga ƙarfe ya ci fatar har ya yi rami, babu komai tsakani. Ita da ta yi rayuwarta tana ɗaukar kwandon kifi a ka, nan take ta gane ciwon. Ta kwance mayafinta ta yage rabi, ta naɗe shi ta yi gammo.

"Haba, wane ne ya ɗora muku kaya ba gammo? Ɗan duƙa kaɗan."

Ya ɗan duƙa. A sama, in ji waɗanda ke kan gadar a lokacin, sai da ta girgiza har wani mai keke ya zube. Kaka ta cusa gammon ta janye hannu da sauri. Aljanin ya yi wata ajiyar zuciya da ta kori kadojin gaba ɗaya.

"Ta kan gadar nan aka kai ni asibiti lokacin da haihuwar autata ta zo da gardama," in ji Kaka. "Ban san a kanku na wuce ba. Na gode. In na koma, matan gari za su naɗa wa sauran 'yan'uwanka."

Ya ɗaga ƙafa suka wuce. Har yau duk shekara mata kan jefa gammo daga kan gadar, baƙi suna tambaya ko haukacewa muka yi.

Ayu ya shaƙi ruwa ya ce, "Ƙamshin hayaƙi na raguwa. Wutar mai ƙosai ta mutu, ta maƙera ma ta mutu."

Suka shiga ƙarƙashin Karofi, inda ruwan baba na shekaru aru-aru ya tsiyayo ya taru. Duhu ne shuɗi, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ayu ma ya ɓata hanya, sai Kaka ta sauka tana lalube da hannu a bango tana jansa, wasu abubuwa masu sanyi na shafar ƙafafunta suna raɗa mata, "Zauna mu rina ki, zauna mu rina ki." Ita kuwa tana cewa, "Na gode, ina sauri, wani jiƙon." Da suka fita hannayenta sun rine har gwiwar hannu, kuma da su aka binne ta, ba sabulun da ba ta gwada ba.

Haske ya dawo kore. Suka tarar da wani daji da ya tsiro daga sama, saiwoyi ne kawai ke reto, masu kauri da sirara, sun saƙe hanya kamar taru. Kaka na taɓa ɗaya sai suka nannaɗe ta hannu da ƙafa, suna matsewa. Wata tsohuwar aljana ta fito daga cikinsu, ƙanƙanuwa, ta ranƙwafa, tana riƙe da ɗan tulu.

"Wa ke taɓa 'ya'yan ƙawata?"

"Ni ce, Iya, Tasalla. Wucewa zan yi, jikana na cikin haɗari."

"Kowa da uzurinsa. Nan ƙarƙashin Lambun Marka ne. Marka ungozoma ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta riƙa dasa itace guda duk lokacin da ta karɓi haihuwa. Da za ta rasu ta zo bakin ruwa ta ce mini, ƙawata, ga marayuna nan. Tun ranar nake ba su ruwa daga ƙasa. Ban taɓa ganin ko ganye ɗaya nasu ba. Faɗa mini gaskiya, akwai mai zama a inuwarsu, ko wahalar banza nake yi?"

Saiwa ta kai wa Kaka wuya, amma ta daure ta ce, "Iya, ai wurin zama ma sai an yi rububi. Gindin tsamiyar nan mai shayi ne ya kafa tebur, da 'yan gardamar siyasa da ba sa sayen komai."

Saiwa ɗaya ta saki.

"Ƙarƙashin maɗaci 'yan makaranta ke karatun jarrabawa. Durumin tsakiya na masu dara ne, tsofaffin banza, sai an kira salla sau biyu suke tashi. Gindin mangwaro kuwa yara sun hana shi nuna. Ranar salla ba masaka tsinke. Can wajen giginyu samari ke zance, ni kaina a nan Sarki maigidana ya fara tare ni ya ce wai in sayar masa da kifi, shi da yake ɗan masunta."

Tsohuwar ta fashe da dariya har tulunta ya faɗi, tana dariya tana share ido. Saiwoyin suka saki gaba ɗaya, suka buɗe hanya.

"Ashe sun yi jama'a," in ji ta. "Ashe Marka ta tara."

"Ta tara, Iya, ke ma kin tara. Duk wanda ya sha inuwar nan bashinki na kansa. Mun gode."

"Jeki, 'yata, kada ki tsaya. Wuta ɗaya ta rage."

Fadar Sarkin 'Yan Ruwa ba ta da bango, ruwa ne kawai ya ja da baya ya bar fili. Sarki na zaune a kan wani ƙaton kunkuru, fadawa sun kewaye shi, bayansa an saki labulen bado. A tsakiyar filin Kaka ta ga unguwarta, an ajiye ta cikin wata ƙwarya mai faɗin gona, komai ya tsaya cik. Ga mai daka ta ɗaga taɓarya ba ta sauke ba, ga akuya da ƙafa ɗaya a sama. Daga gidanta kaɗai wani siririn hayaƙi ke tashi, shi ma yana yankewa.

Ta faɗi ta yi gaisuwa. Sarki ya dube ta ya ce:

"Ya ke 'yar Adam, labarinki ya riga ki isowa. Mai gadina ya yabe ki, masu ɗaukar gada sun yabe ki. Saurara ki ji asalin abin da kika zo nema. Ina yaro na faɗa tarun wani masunci da ya zo da jirgi mai yoyo, ba shi da ko garin kunu. Da ya kai ni kasuwa da ya yi arziki. Sai ya kwance ni, ya shafa mini kai ya ce in tafi gida uwata na nemana. Mahaifina ya ce ya roƙi abin da yake so, masuncin ya ce wurin shanya taru kawai. Aka ba shi, aka ce duk abin da shi da zuriyarsa suka kira da suna nasu ne. Daga wurin shanya tarun nan birninku ya tashi. Yau an kira kowa an bar shi. Mantawa kika yi?"

Kaka ta so ta ce e, don ita ce amsa mai sauƙi. Gishiri ya riƙe mata harshe.

"Ban manta ba, ranka ya daɗe."

"To kira shi yanzu, ki ɗauki kayanki."

Ta dubi fadawa, maza zalla, sun zuba mata ido. Ta ce, "Unguwar mai taru, ranka ya daɗe."

"Masu taru suna da yawa."

"Unguwar wanda ya kwance ka."

"Wannan aikinsa ne. Suna na tambaya."

"Mai sunan maigidana."

"Ban san maigidanki da wani suna ba sai wanda kika ƙi faɗa." Muryar Sarki ta fara kauri. "Alkawari da suna aka ƙulla shi. Ko raina mutumin kike yi?"

Kaka ta ji kamar an soke ta. Raini? Ita? Ta buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ta waiwaya ta ga hayaƙin ya zama kamar zare. Ta sake gwadawa, gumi ya karyo mata a cikin ruwa, abin ya ƙi. Ta ce mini a rayuwarta ba ta taɓa jin tsoro da takaici irin na lokacin ba, ga 'yarta da jikanta tana kallo, kalma ɗaya ta gagare ta.

Sai aka ji tsaki daga bayan labule, tsakin da ya sa kunkurun Sarki ya mayar da kai ciki. Labule ya buɗe, Uwar Gulbi ta fito, matar Sarki, doguwa, gashinta na jan ƙasa.

"Mai Gulbi," in ji ta, "tun garin can yana ƙauye nake gidanka. Ka taɓa jin sunanka a bakina?"

Sarki ya shiga lissafin shekaru. Can ya ce, "Ban taɓa ba."

"To raina ka nake yi?"

Ta juya ga fadawa ta ce, "Duk mai gemu ya ba mu wuri." Suka watse suna tuntuɓe da juna, Sarki ma ya zame daga kan kunkuru ya bi bayansu, ayu ya rufe musu baya. Fili ya rage daga ita sai Kaka.

Uwar Gulbi ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta ɗebo ruwa a ƙoƙo ta miƙa mata.

"'Yar'uwa, na san nauyin abin da ke bakinki. Amma alkawari ba ni na ƙulla shi ba, ba ni da ikon kwance shi. Dole gulbi ya ji. Ga shi nan a ƙoƙo, shi ba namiji ba ne, ba surukinki ba ne. Ni ma zan toshe kunne."

Ta toshe kuwa. Kaka ta karɓi ƙoƙon da shuɗɗan hannayenta, ta kai shi bakinta kamar za ta sha, ta rufe ido.

"Nomau," in ji ta.

Daga nan sai abin ya ɓalle. Ita da ba ta yi kuka a gaban mutane ba ranar da aka fita da gawarsa, don kada a ce tsohuwa ba ta da kunya, sai ga ta tana kuka kamar yarinya. "Nomau, ka tafi ka bar ni da kiran gari. Nomau, autarka ta haihu, namiji ne, ba ka gan shi ba. Na gode maka, Nomau, ban taɓa gaya maka ba." Sannan ta share fuska ta miƙe, ta ɗaga murya yadda ake yi a jirgi:

"Unguwar Nomau, uwar unguwanni, wurin shanya taru da ya zama birni!"

Ruwan ƙoƙo ya yi tsalle. Gulbi gaba ɗaya ya amsa, har mutanen da ke gaɓa suka ji shi a tafin ƙafarsu.

Kafin ta tafi Sarki ya leƙo ya ce, don girmamawa, duk inda ta sa ƙafa ta fita daga ruwa za a kira shi da sunanta, kuma a sa shi cikin kiran gari har abada. Kaka ta yi godiya. Ta ce ta ga Uwar Gulbi ta rufe baki tana dariya, amma ba ta gane dalili ba sai daga baya.

Unguwa ta taso kamar yadda ta nutse, ko tabarma ba ta jiƙe ba. Mai daka ta sauke taɓaryarta ta ci gaba. Kaka ta fito daga ruwa a gindin gawon nan, ba mayafi sai rabi, ta ratsa mutane da gudu ta faɗa gida. A murhu ta tarar da garwashi guda, ƙanƙane, yana lumshewa. Uwata ta ɗago kai ta ce, "Inna, har kun gama? Wutar nan fa ta kusa mutuwa." Kaka ta durƙusa ta hura ta, ta ƙara itace, sannan ta ɗauke ni ta rungume.

Ranar suna aka raɗa mini Nomau. Ita dai har ta koma ga Allah "Maigida" take ce mini, kuma ban sake jin an ce sunan ya fita bakinta ba.

Da shekara ta kewayo an naɗa mahaifina Sarkin Ruwa. Ya shiga jirgi ya yi kira tiryan-tiryan, har Unguwar Nomau bai yi gargada ba. Sai jirgi ya iso gindin gawo, sabon wurin da aka ƙara, Kwatar Tasalla. Ga mai sunan a zaune a bakin gaɓa kan tabarma, tana goye da ni, gari duka na kallo. Bawan Allah ya buɗe baki ya rufe. Gumi ya jiƙa masa sabon rawani. Ya yi tari.

Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ɗaga shuɗin hannunta ta ce, "Bar tarin nan, ɗan nan, mun san inda ya kai mu bara. Faɗa da ƙarfi. Ni ma na faɗa."